Cin Huce Haushi da Ƙiba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Neman Taimakon Manhajojin Hira

Tun da manhajojin hira suka cika wayoyin mutane, musamman bayan Meta AI ta shigo cikin WhatsApp a Najeriya a 2024, an samu masu kai musu kukan da ba sa iya kai wa kowa. Cikin koke-koken akwai na ci: rai ya ɓaci, mutum ya tsinci kansa gaban kwano, ya ci, ya yi nadama, nauyi kuma yana ta hawa. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa a kan wannan, daga na tushe zuwa masu zurfi.

Mene ne cin huce haushi, kuma ta yaya zan bambance shi da yunwa?

Shi ne mutum ya ci ba don ciki ya nema ba, sai don zuciya ba ta da daɗi. Ba haushi kaɗai ke jawo shi ba. Kaɗaici na jawo shi, haka gajiya, fargabar jarrabawa, tunanin bashi, da zaman da ba abin yi. Yunwa ta gaskiya a hankali take zuwa, kuma ba ta da zaɓe: ko ɗumamen tuwo aka miƙo za ta karɓa, in ciki ya cika ta tafi. Ɗayan kuwa farat ɗaya yake faɗowa, yana kiran abu da suna, cincin, ko fanke, ko lemo mai sanyi. Sau da yawa a tsaye ake cin sa a kicin, hannu na kai-komo ba a ma jin ɗanɗano, abin da ke biyo baya kuma nadama ce.

Jiki ma yana da hannu a ciki. Idan damuwa ta daɗe, sinadarin kotisol kan yi yawa a jini, shi kuma yana ƙara sha'awar zaƙi da maiƙo. Ƙarancin barci na hargitsa sinadaran da ke sanar da yunwa da ƙoshi, shi ya sa wanda ya kwana yana latsa waya yakan wuni yana neman abin taunawa. Zaƙin ya kwantar da hankali na 'yan mintuna, ƙwaƙwalwa ta riƙe, gobe in rai ya sake ɓaci ta sake tura mutum can. Tun 1986 wata masaniya 'yar ƙasar Holan, Tatjana van Strien, da abokan aikinta suka fitar da takardar tambayoyi da ta raba halin ci gida uku: ci saboda motsin rai, ci saboda an gani ko an ji ƙamshi, da ƙuntata wa kai abinci. Mutum ɗaya kan haɗa biyu, ko duka ukun. Kowa yakan ci don ya huce wani lokaci. Abin yana zama matsala ne in ya kasance ba wata hanyar hucewa sai ita.

Waɗannan manhajoji duk iri ɗaya ne?

A'a, kuma sanin bambancin yana da muhimmanci. Akwai waɗanda masana halayyar ɗan'adam suka rubuta musu amsoshi tun farko, ba sa fita daga layin da aka ɗora su. Woebot, wadda Alison Darcy ta fito da ita a Amurka a 2017, irin wannan ce. Akwai kocin rage ƙiba, irin su Noom da Lark, waɗanda ke karɓar bayanin abin da ka ci da nauyinka da tafiyar da ka yi, su riƙa turo maka darasi da tuni. Wasu suna haɗawa da koci ɗan'adam a bayan fage. Sai na uku, manhajojin ƙirƙirarriyar basira na gama-gari, ChatGPT da Gemini da Meta AI, waɗanda ba don lafiya aka gina su ba, amma su ne a hannun yawancinmu.

Na farko ba su da daɗin hira sosai, sai dai da wuya su faɗi abin da zai cutar. Na uku hira da su kamar da mutum, kuma a nan hatsarin yake: suna ƙirƙirar amsa nan take, suna iya shirga ƙarya cikin natsuwa. Sakin jiki da na'ura ba sabon abu ba ne. A 1966 Joseph Weizenbaum ya gina wata manhajar hira mai suna ELIZA a jami'ar MIT ta Amurka, wadda kusan ba ta komai sai juya wa mutum maganarsa ta zama tambaya, amma sakatariyarsa ta nemi ya fita daga ɗakin don ta yi hira da ita a keɓe.

To, suna aiki kuwa, ko talla ce kawai?

Suna taimakawa, amma ba yadda tallar ke faɗa ba. A watan Maris na 2025 masu bincike a jami'ar Dartmouth ta Amurka suka wallafa gwajin wata manhaja mai suna Therabot, da mutum 210 cikin makonni huɗu. Cikinsu akwai waɗanda ke bakin faɗawa ciwon rikicewar ci, kuma damuwarsu kan siffar jiki da nauyi ta ragu da kimanin kashi 19 cikin 100. A lura da abu biyu: damuwa aka auna, ba kilo ba, sannan ƙwararru suna bin hirarrakin don su shigo in abu ya ɓaci. Meta AI da ke wayarka ba mai bin ta haka.

Ta fuskar nauyi, abin da aka fi tabbatarwa ya girmi manhajojin. Babban binciken rigakafin ciwon suga na Amurka da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa neman rage kashi 7 cikin 100 na nauyi, da motsa jiki na minti 150 a mako, ya rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100. Koci 'yan'adam ne suka bi mutanen. Abin da Lark da ire-irenta ke ƙoƙari shi ne su kwafe wannan tsarin su sa a waya. Babbar matsalarsu ba ta ilmi ba ce: mutane suna saukewa da ɗoki, bayan 'yan makonni su daina buɗewa. Su kansu manhajojin ba su da tabbas; Woebot ta rufe a ƙarshen watan Yuni na 2025.

A wane lokaci ne manhaja ta fi amfani?

A cikin 'yan mintunan da ke tsakanin tasowar kwaɗayi da kai hannu. Nan ne ta fi kowa, domin ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba likitan da za ki kira, ƙawarki ta yi barci, kuma ba za ki so ki tashi maigida ki ce masa bokitin cincin na kiran ki ba. Kwaɗayi yana tashi, ya kai ƙololuwa, ya sauka da kansa in ba a biye masa ba. Masanin halayya Alan Marlatt ya koyar da masu shaye-shaye su zauna su kalli sha'awar har ta wuce maimakon su yi kokawa da ita, dabarar kuma ta shigo fagen ci.

Ga yadda abin kan kasance. Yara sun kwanta, kin gama wanke-wanke, maganar da uwar miji ta yaɓa miki da la'asar tana ta dawowa. Kin buɗe bokitin, kin rufe, kin ɗauki waya kin rubuta: "Ina son cin cincin, kuma na ci tuwo ɗazu." Manhajar da aka tsara da kyau ba za ta ce kada ki ci ba. Za ta tambaye ki ƙarfe nawa kika ci abinci, me ya faru yau, a ina kike jin abin, a ciki ne ko a ƙirji. Kafin ki amsa tambayoyi uku minti goma sun wuce, kin kuma kira abin da sunansa: ba yunwa ba ce, takaici ne. Wataƙila ki ci cincin ɗin duk da haka, amma ki zuba kaɗan a faranti ki zauna, ba ki rungumi bokitin a tsaye ba. Wannan ma nasara ce, duk da sikeli ba zai nuna ta gobe ba.

Amfani na biyu riƙe littafi ne. In kina rubuta mata lokaci, abin da kika ci, da halin da kike ciki, bayan mako biyu ki ce ta tattara ta nuna miki abin da ke maimaituwa. Mutane kan yi mamaki: ashe duk ranar da aka tsallake abincin rana ne, ko duk ranar da aka yi waya da wani mutum ɗaya.

Yaya zan tsara ta don ta yi mini haka?

Manhajojin gama-gari halin ɗan amshi gare su: abin da ka rera shi za su amsa. Ka ce ta taya ka rage kilo goma kafin biki, za ta jero maka jadawali. Ka ce kai ragon banza ne, ta lallashe ka, gobe ka ce ka cancanci tsire na dubu biyar, ta ce lallai ka cancanta. Saboda haka tun a saƙon farko ka kafa mata doka. Misali: "Ina fama da ci idan raina ya ɓaci. Kada ki ba ni lissafin kalori ko jadawalin rage abinci. Duk lokacin da na rubuto, ki yi mini tambaya ɗaya-ɗaya kan yaushe na ci abinci, me ya faru, da me nake ji. Daga nan ki ba ni abu biyu da zan iya yi na minti goma. Kada ki yi mini wa'azi, kada kuma ki yabe ni ba dalili."

Ka gaya mata abubuwan da suke kwantar maka da hankali a zahiri, ba na littafi ba: alwala, zagaya unguwa, kiran ƙaninka, sauraron karatu, wanke babur. Ka ajiye saƙon a wani wuri, domin wasu manhajojin suna mantawa in an buɗe sabuwar hira. Dalilin hana lissafin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, yana cikin amsoshi biyu na gaba.

Na ji an ce wata manhaja ta taɓa cutar da masu irin wannan matsala. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, sunanta Tessa. Ƙungiyar NEDA ta Amurka, mai tallafa wa masu ciwon rikicewar ci, ta shafe shekaru tana da layin waya da mutane ke amsawa. A 2023 ta sanar da rufe layin, ta bar Tessa a shafinta. Asalin Tessa masu bincike ne suka rubuta mata darussa ƙayyadaddu na rigakafi. A ƙarshen watan Mayu na shekarar wata mai fafutuka, Sharon Maxwell, ta bayyana cewa manhajar ta shawarce ta da ta rage kalori 500 zuwa 1,000 a rana, ta riƙa auna nauyi da kitsen jikinta, bayan ta gaya mata tana da ciwon. Cikin kwanaki aka dakatar da Tessa. Daga baya ta fito cewa kamfanin da ke gudanar da ita ya ƙara mata fasahar ƙirƙirar amsa.

Abin lura shi ne shawarar ba baƙuwa ba ce. Irin ta ce ake samu a kowace mujallar rage ƙiba. Wanda aka ba ne bai dace ba. Na'urar ba ta iya bambance mai neman rage teɓa da wanda lissafin abinci ya kusa hallaka shi ba. In haka ta faru da manhajar da ƙungiyar ƙwararru ta ɗora a shafinta, ba sai an faɗi na wadda aka gina don amsa kowace irin tambaya ba. A watan Agusta na 2025 jihar Illinois ta kafa dokar da ta hana ƙirƙirarriyar basira yin aikin mai jinyar ƙwaƙwalwa ita kaɗai.

Amma ni ƙiba nake son ragewa. Me ya sa ake cewa in fara da cin abinci a kan lokaci?

Domin ga mai cin huce haushi, ƙuntatawa ita ce ke hura wutar. Tsarin sananne ne: jiya an ci da yawa, yau a ƙi karyawa don a rama, a wuce abincin rana da ruwan shayi, magariba ta yi jiki ya galabaita, ƙaramin ɓacin rai ya isa ya ɓalle komai. Gobe a sake. A tsakanin 1944 da 1945 Ancel Keys ya yi gwaji a jami'ar Minnesota da lafiyayyun maza 36, aka rage musu abinci zuwa kusan rabi na wata shida. Ba wanda ya shigo da matsalar ci a cikinsu, amma suka koma ba su da zance sai na abinci, wasu har tara littattafan girki suke yi, da aka sake su kuma da yawa suka kasa tsayar da ci.

Shi ya sa tsarin jinyar da Christopher Fairburn na jami'ar Oxford ya shahara da shi yake farawa da ci a kan ƙa'ida: sau uku a rana da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku, ba a barin ciki ya wuce awa huɗu. Manhaja na iya wannan aikin da kyau, tuni ne kawai da tambayar "kin ci?" Idan zarin ya lafa na wasu makonni, sai a shigo da rage yawa a hankali. Kuma ba sai an koma siririn da ake mafarki ba: rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 5 zuwa 10 ga mai kilo 100, yana sauko da suga da hawan jini yadda likita zai gani.

Ta san abincinmu kuwa? Na tura mata hoton tuwo ta ba ni lissafi.

Kada ka ɗauki lissafin da muhimmanci. Ta san sunan tuwo da ɗanwake da masa, amma ba ta san girman malmalar gidanku ba, ba ta ga man da aka kwarara a miya ba, kuma a cikin tire ɗaya kuke ci ku huɗu. Cokalin cin abinci ɗaya na mai ya kai kalori 120, ko na gyaɗa ne ko manja, don haka garau-garau biyu masu kama ɗaya a hoto na iya bambanta nesa ba kusa ba. Za ta ba ka lamba duk da haka, ba za ta ce ba ta sani ba sai ka matsa.

Inda take da amfani shi ne abin da ke da lamba a jikinsa. Kwalbar lemo mai santilita 50 kan ɗauki sukari wajen giram 50, wanda shi kaɗai ya kai iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata wa baligi a rana. Zoɓo da kunun aya na sayarwa da shayin mai shayi ma ba a raina sukarinsu. In kuma ta ce ka koma cin wasu abubuwa da sai a babban kanti, ka ce ta maye gurbinsu da abin da ke kasuwarku: wake, zogale, rama, kabewa, dambu, gyaɗa, nono marar sukari.

Zan iya yi mata Hausa?

Za ka iya, manyan manhajojin suna fahimta kuma suna amsawa. Hausarsu ba ta kai Turancinsu ba, wani lokaci su kawo jimla mai kama da fassara ko su kasa gane habaici. Ka rubuta yadda kake magana, ko da gauraye ne; abin da ke ranka ya fi fitowa da harshen da kake fushi da shi. Maganar magani ko adadi dai kada ka dogara da amsarta da kowane harshe.

Yaushe ne abin ya fi ƙarfin manhaja?

Idan kana cin abinci mai yawa ƙwarai a zama ɗaya, kana jin ba ka iya tsayawa, kana ɓoyewa saboda kunya, kuma hakan na faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku, likitoci suna ɗaukar wannan ciwo ne mai zaman kansa. Tun 2013 ya shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka. Haka in kana sa yatsa ka yi amai bayan ci, ko shan maganin gudawa don ka rama, ko kana wuni da yunwa da gangan, ko al'ada ta ɗauke wa mace saboda rama, ko jiri da bugun zuciya sun fara. In kuma tunanin cutar da kai ko gajiya da rayuwa ya shigo, a ajiye waya a gaya wa wani na kusa yau, a tafi asibiti.

Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka, duk da abin da unguwa za ta ce. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen ƙwaƙwalwa da na masana abinci, akwai kuma asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. A Nijar akwai sashen a babban asibitin ƙasa na Yamai. Littafin da manhaja ta taya ka riƙewa, wanda aka yi bayani a amsar lokacin da ta fi amfani, ka tafi da shi. Zai rage wa likita rabin tambayoyi.

Ina da ciwon suga. Ƙanwata kuma tana shayarwa. Mu ma za mu iya?

Don hira kan damuwa da riƙe littafi, e. Don sauya abinci, sai da likita. Mai shan maganin suga ko allurar insulin in ya rage ci ba a gyara masa magani ba, sugansa na iya faɗuwa har ya suma, manhaja kuma ba ta ga sakamakon gwajinsa ba. Mai juna biyu da mai jego ba lokacin rage abinci ba ne gare su. Ita mai jegon, in ci ya haɗu da yawan kuka da rashin barci da jin ba ta son komai, a kai ta a duba ciwon damuwa na bayan haihuwa. Yara da 'yan ƙasa da shekara 18 kada a haɗa su da kocin rage ƙiba sam.

Yaya batun azumi?

Azumi ibada ne, kada a bar manhaja ta mai da shi dabarar rage kilo. Ga mai cin huce haushi wurin hatsarin buɗa-baki ne: yunwar wuni ta haɗu da gajiya da faranti goma a kan tabarma. Abin da ke taimakawa sananne ne, a sha ruwa da dabino, a tashi a yi magariba, sannan a dawo a ci a zaune, kuma kada a tsallake sahur. Ana iya sa manhajar ta sauya jadawalin tuni zuwa sahur, buɗa-baki, da bayan asham. Hadisin raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, ya fi kowane lissafinta sauƙin riƙewa.

Wanda ke da alamomin da aka lissafa a amsar "yaushe ne abin ya fi ƙarfin manhaja" ya tuntuɓi likita da malami kafin watan ya kama, domin shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. A kuma kula da azumin nafila da ake ɗauka washegarin zarin ci don a hukunta kai. Mai yin sa ya san niyyarsa, kuma da dare zarin yakan dawo.

A gidanmu in ka rage ci sai a ce ba ka da lafiya ko ana ƙuntata maka. Manhaja za ta gane wannan?

Ba ta cika ganewa ba sai an yi mata bayani. Yawancin abin da ta koya daga rubutun Turawa ne, inda mutum ke dafa nasa shi kaɗai. Za ta ce ka zauna da iyalinka ka shata musu iyaka, ba ta san ba a yi wa Hajiya haka ba. A wurinmu amarya in ta yi ƙiba an ce hankalinta ya kwanta, baƙo in ya bar abinci an ce ya raina, har akwai masu sayen ƙwayoyin "sha ka fashe" don su cika ido, alhali wasunsu na jawo hawan jini da suga.

Ka gaya mata waye mutumin, yaya kuke, da irin maganar da ta dace, sannan ka sa ta taya ka gwada amsa. "Hajiya, wallahi ya yi daɗi, a zuba mini sauran in tafi da shi" ta fi dogon bayani kan lafiya aiki. "Likita ne ya ce in rage" ma tana rufe baki da yawa, in dai da gaske ya ce. Akwai kuma ɗaya gefen, gidan da ake yi wa mai ƙiba ba'a da sunan wasa. Wannan ba'ar ba ta taɓa rage wa kowa kilo ba, sai dai ta kai shi kicin da dare.

Sirrina fa? Wa ke karanta abin da nake rubutawa?

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Hira da Meta AI ba ta da irin kullen da saƙonninka da abokai ke da shi. Kamfanin na iya ganin abin da ka tura mata. Kamfanoni da dama suna amfani da hirarraki wajen horar da manhajojinsu in ba ka kashe hakan a saiti ba. A 2018 aka kutsa manhajar lissafin abinci ta MyFitnessPal aka kwashi bayanan asusu wajen miliyan 150. A 2023 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, mai haɗa mutane da masu jinyar ƙwaƙwalwa ta intanet, biyan dala miliyan 7.8 kan miƙa bayanan masu neman jinya ga kamfanonin talla, ciki har da Facebook. Najeriya ta kafa dokar kare bayanai a 2023, amma bin haƙƙi a kan kamfanin da ke wata nahiya ba ƙaramin aiki ba ne.

Kada ka sa cikakken suna, adireshi, hoton fuska, ko sunayen waɗanda kake ƙorafi a kansu. "Wata 'yar'uwa" ta wadatar. Kuma mafi kusancin mai leƙe ba a Amurka yake ba: in wayar na yawo a hannun yara ko maigida, a sa mata makulli ko a riƙa goge hirar.

Sai na biya kuɗi?

Ba dole ba. Duk abin da aka bayyana a amsar tsara manhaja ana yin sa da na kyauta, kuma hirar rubutu ba ta cin data sosai. Masu kuɗin kuwa suna son "gwajin kyauta" da ke zarcewa ya zama cirar wata-wata. A 2022 Noom ta amince ta biya dala miliyan 56 don sasanta ƙarar da masu amfani da ita suka shigar kan irin wannan cira. Kafin ka sa lambar kati, ka nemo inda ake soke rajista. In kuɗin ya kai na ganin masanin abinci a asibiti, masanin ya fi.

Na tambaye ta shayin rage ƙiba da allurar Ozempic, ta ba ni bayani. In saya?

Shayin da ake tallatawa a Instagram yawanci gudawa da fitsari yake sawa. Ruwa ne ke fita, ba kitse ba, kuma ga mai zarin ci hanya ce ta faɗawa ramuwar da aka yi gargaɗi a kanta a sama. Allurar kuwa magani ne na gaske. Sinadarinta, semaglutide, an amince da shi don rage ƙiba a Amurka a 2021 da sunan Wegovy, kuma a babban gwajinsa mutane sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin makonni 68. Waɗanda suka daina sun mai da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a cikin shekara. Tana da tsada, tana da illoli, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta. Likita ne ke rubuta ta bayan gwaji. Manhaja ta taya ka jera tambayoyin da za ka yi masa.

Ta yaya zan san ana samun ci gaba, kuma yaushe zan bar ta?

Kada sikeli ya zama alƙali shi kaɗai, domin nauyi na hawa da sauka da kilo ɗaya ko biyu saboda ruwa da gishiri da al'ada. Hawa sau ɗaya a mako ya isa, wanda hawan ke ɗaga masa hankali kuma ya bari sai a asibiti. Awon ƙugu da tef ɗin tela ma yana da amfani: ana son kada ya wuce rabin tsawon mutum. Abin da ya fi nuna gaskiya shi ne sau nawa a mako aka yi cin huce haushi, sau nawa aka iya jinkirta shi, da ko ana komawa cin abinci a kan lokaci washegari ba tare da ramuwa ba.

A ba ta wata ɗaya zuwa biyu. In adadin ya ragu, a rage buɗe ta, a bar ta don ranakun da suka yi tsanani. In bai motsa ba, ko ka lura kana ƙara tunanin abinci, kana ɓoye mata abin da ka ci don kunya, ko ka daina kiran mutane saboda ita ta fi sauƙi, a goge ta a koma amsar da ta lissafa asibitoci.